Tabar Habana a Gindin Randa

A hunturun shekarar 2011 wani matashin likita ya sauka daga motar kasuwa a Korahane, ya nufi gidan tsohon malaminsa na lakwal. Shekara bakwai ya yi a ƙasar Kuba yana karatun likitanci, da ya dawo aka ba shi aiki a Maraɗi, sai a wannan karon Allah ya nufa ya zo gaisuwa. Ya zo da abin da ɗa na kirki kan zo da shi: yadin shadda, da sukari, da ganyen shayi, da ƙullin goro. Aka gaisa, aka tambayi bayan rabuwa, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu. Har ya miƙe zai tafi, sai ya sa hannu cikin aljihu ya zaro wani ɗan kwali rawaya, ya miƙa da hannu biyu, kansa a sunkuye kamar yaron da aka kama da laifi.

"Mushe, wannan ba don ku sha ba ne, don ku gani ne. Na tuna ranar da kuka ce mana mahaifinku mai taba ne."

Malamin ya buɗe. Kara uku ne na taba a jere, kowanne tsawonsa ya kusa santimita 13, kaurinsa kamar na yatsa, launinsa na ƙasar da ta sha ruwan farko. Ba da takarda aka naɗe su ba, kuma babu audugar nan ta gindin sigari. Ganye ne tsantsa, an tufatar da shi da ganye. Faransawa na ce wa irinta cigare, mutanen Kuba kuwa, idan a ƙasarsu aka noma ganyen kuma a can aka naɗe shi, sai su kira ta habano, daga sunan babban birninsu Habana. A wuyan kowane kara akwai ɗan zobe mai ɗauke da suna, Montecristo. Malamin ya karanta ya yi murmushi, don ya san sunan tun yana ɗalibi, a littafin Alexandre Dumas. Ya dubi baƙonsa ya ce, "Ɗana, ashe a can likitoci ne ke rabon taba?" Likitan ya yi dariya, ya ce shi ma tun daga filin jirgi yake wannan tunani. Sai ya koma ya zauna, ya yi ta ba malaminsa labarin gonakin da ya gani da yadda ake naɗin, har motar da zai bi ta kusa barinsa.

Kyautar ta faɗa hannun mutumin da tsakaninsa da taba akwai tsohuwar shari'a wadda ba a taɓa yankewa ba. Ya fara shan sigari a makarantar horon malamai, a zamanin da ake ganin alƙalami a aljihun gaba da kara tsakanin yatsu su ne shaidar wayewa. Ya bari a watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle. Da bakinsa yakan ce aljihu ne ya raba shi da ita, wa'azi bai iya ba. Daga baya, da Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba a watan Mayu na 2006, yana cikin dattawan da akan gayyata ranar 31 ga Mayu su ja kunnen ɗalibai, kuma yakan yi da gaske, don yana da dalili.

Dalilin shi ne mahaifinsa. Bagobiri ne daga gefen Tsibiri, cikin kwarin Gulbin Maraɗi, ya hauro arewa neman sabuwar gona a shekarun da Faransawa suka kafa bariki a Dakoro, a 1947, manoma suka yi ta kwararowa suna sassabe. Korahane jigawa ce, rijiyarta da zurfi, taba kuwa shukar fadama ce mai son ban ruwa. Saboda haka da an kai hatsi rumbu sai ya ɗaura wa jakuna mangala, ya gangara kudu tafiyar kilomita ɗari da wani abu, ya yi rani a fadamar ƴan uwansa, ya dawo kafin bazara ta tsananta da dammunan ganye. Masu sayensa Buzaye ne da Fulani da ke saukowa rijiyoyin kwarin Tarka, da tsofaffin gari masu lofe. Buzaye na tauna ta da toka ko kanwa. Mata ma ba a bar su a baya ba, don da furen taba da goro suke rina haƙora. Yaron ya tashi yana jin kunyar wannan sana'a. Warin ganyen ya kama rigarsa, ƴan lakwal suka laƙaba masa ɗan mai taba, ya ƙi sunan, ya ƙi kasuwar, ya girma ya koma sayen tabar Turawa cikin kwali ba tare da ya ga wani abin mamaki a ciki ba. A 1986 mahaifin ya rasu da gyambon baki, wanda ya fara da ɗan farin tabo a cikin kumatu, daidai inda ya shekara arba'in yana ajiye taba.

Malamin ya ɗora kwalin a kan littattafansa ya manta da shi. Bayan kwana goma ya buɗe, ya tarar da ɗaya daga cikin karan ya tsage tun daga wuya har ciki, kamar diddigen da faso ya kama. Ya kira likitan ta salula. Likitan ya ce laifinsa ne da bai faɗa ba: habano na son iska mai laima kashi 65 zuwa 70 cikin 100, masu hali a Turai har akwatin katako na musamman suke yi mata, da ma'auni a jikin murfi. Iskar hunturun Dakoro kuwa laimarta kan faɗi ƙasa da kashi 20. Ganyen da aka raina a tsibiri tsakiyar teku ya zo ya gamu da iskar da ke tsaga leɓen mutum.

Babu akwatin katako a Korahane, amma akwai randa. Malamin ya sami ƙaramar tukunya sabuwa, ya sa karan a ciki, ya rufe da faifai, ya kafa ta cikin jiƙaƙƙen rairayin da ke gindin randar matarsa, inda danshi ke ratsa yumɓu ba tare da ruwa ya taɓa ganye ba. Yana durƙushe yana gyara rairayin ne ya gane cewa dabarar ba tasa ba ce. Haka mahaifinsa kan yi daren jajibirin kasuwa: ya naɗe dammunan cikin tsohuwar tabarma ya jingina su gindin randa, don kada ganye ya marmashe a hannun mai taya. Shekara hamsin bai tuna da wannan ba. Cikin mako biyu kara biyu suka farfaɗo, in an matsa su da yatsa sai su lotsa su dawo. Tsagaggen kam ya riga ya tafi.

Shi ne ya ɗauka ya kai wa yayarsa. Ta haura saba'in, ba ta taɓa shiga aji ba, don ranar da aka zo rubuta yara cikin rumbu aka ɓoye ta. Amma ita ce ta yi rani biyar ko shida tare da mahaifinsu a Gulbi tana yarinya. Ta karɓi karan ta sunsuna, ta ce a ba ta reza da faifai. Ta warware ganyen waje a hankali, ta ɗaga shi ga rana. Siriri ne kamar alharini, jijiyoyinsa da ƙyar ake ganinsu.

"Wanga bai sha rana ba, Auta. Cikin inuwa ya tashi, kamar ɗiyar sarki."

Ƙarƙashinsa akwai wani ganye mai kauri da ƙarfi, wanda ya ɗaure na cikin. Ta ajiye shi gefe, ta ce wannan ɗamara ce. Sa'an nan ta kai ga cikin, ta shiga buɗe ganyaye masu tsawo waɗanda aka ninke kamar shafin littafi, tana dubawa, tana murzawa, tana kaiwa hanci, har ta raba su kashi uku a kan faifai. Ta nuna mai haske ta ce na gindi ne, ba shi da wani aiki sai cin wuta. Ta nuna na biyu ta ce na tsakiya ne, a nan ƙamshi yake. Na ukun, baƙi-baƙi mai maiƙo, wanda ta iske a can tsakiyar naɗin, ta ce na kai ne, wanda ya fi kusa da rana, shi ne mai bugun kai, kuma mahaifinsu ba ya sayar da shi ga yaro.

Malamin ya yi shiru, don wannan darasi ya riga ya ji shi makonni uku da suka wuce, cikin harshen Sifaniyanci. Mutanen Kuba na kiran cikin naɗin tripa, wato hanji, kuma iri uku suke haɗawa: volado daga gindin shuka don wuta ta ci, seco daga tsakiya don ƙamshi, ligero daga kai don ƙarfi. Abin dariya, ligero a harshensu na nufin marar nauyi, alhali shi ne ya fi kowanne nauyi a ka. A tsakiya ake sa shi saboda jinkirin cinsa, na gefe su ja shi. Ɗamarar sunanta capote, rigar waje kuwa capa, kuma gaskiyar tsohuwa ce, a inuwa take tashi: gonar ganyen riga rufe ta ake yi da farin ƙyalle mai shara-shara tun daga sama har ƙasa, don ganyen ya yi faɗi da laushi. Mafi shaharar ƙasar wannan noma ita ce Vuelta Abajo, a lardin Pinar del Río, yammacin tsibirin. Ganye ɗai-ɗai ake tsinka, daga gindi zuwa kai, a soke su bibbiyu a zare, a rataya cikin dogayen rumfuna su yi kamar kwana 50 iska na busar da su.

Tsohuwar ta sake sunsuna na kan, ta ce an sa shi gumi sosai. Ya tambaye ta me take nufi. Ta ce bayan ganye ya bushe mahaifinsu kan yayyafa masa ruwa, ya tara shi tuli guda, ya lulluɓe da tabarmi, kullum ya cusa hannu ciki har gwiwa. In zafin ya wuce na jikin mai zazzaɓi sai a rushe tulin, na ciki ya koma waje, na waje ya koma ciki. Wari kan tashi irin na turken dabbobi, mai sa hawaye. Ranar da warin ya mutu, ƙamshi ya maye gurbinsa, taba ta nuna. A Kuba sunan tulin pilón, ma'aunin zafi ake cusawa maimakon hannu, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Bayan nan a ɗaure ganyen a ajiye ya tsufa, na kai har shekara biyu ko fiye, kafin ya isa gaban mai naɗi, wanda kayan aikinsa ba su wuce allo, da wata wuƙa mai faɗi, da ɗan ƙaro marar ɗanɗano ba. Gwanintarsa duka tana ga yadda zai ninke hanjin ya bar wa iska hanya. In ya matse, mai sha ya yi ta ja har kumatu su gaji. In ya sassauta, wuta ta yi gudu, hayaƙi ya yi zafi da ɗaci.

Saura a ji yadda take a baki, malamin kuwa ya yi rantsuwa tun 1994. Sai ya tuna da tsohon mai gadin lakwal, wani Buzu da farin 1984 ya share masa garke, ya zauna gari. Yana saurayi ya sha sayen taba a hannun mahaifin malamin, kuma a duk Korahane shi kaɗai ya rage mai ce masa ɗan mai taba, shi kaɗai ne kuma ba a jin haushinsa in ya faɗa. Bayan la'asar suka zauna gindin aduwa, buta a kan garwashi. Malamin ya yanke kan karan da reza kamar yadda aka kwatanta masa, ya ɗauko garwashi ɗaya ya riƙa juya gindin a kansa har ya kama ko'ina. Tsohon ya karɓa, ya ja ja ɗaya har ƙirji, irin na masu sigari, ya shiga tari har rawaninsa ya zame.

"Tsoho, ba a haɗiye ta. A baki ake riƙe hayaƙin, a juya shi, a sake. Kuma ba a gaggawa, kamar ja ɗaya a minti."

"To ka faɗi tun farko mana, ɗan mai taba. Ashe tauna ta ake yi, hayaƙi ne kawai a madadin ganye."

Malamin ya gyara zama ya koma inda iska ke kai hayaƙin, yana gaya wa zuciyarsa cewa rana ce ta kore shi. Hayaƙin fari ne mai kauri, ba ya da ƙaurin takarda. Da farko ƙamshin busasshiyar ciyawa ne da ɗanyen itace da aka fasa. Da wuta ta ci kamar gaɓar yatsa biyu sai ya sauya, ya koma na gyaɗar da aka gasa cikin rairayi, da na kofi, can ƙasa kuma wani abu kamar sabuwar jakar fata. Tsohon ya ce akwai ɗan zaƙi a harshe wanda ba na sukari ba, yana zuwa bayan hayaƙin ya fita. Wutar na ci a zagaye, babu gefen da ya riga wani, tokar kuwa furfura ce, ta tsaya cak a kan karan har ta kai tsawon gaɓar yatsa ba ta faɗi ba, kuma a jikinta ana ganin layin kowane ganye. Mahaifin malamin ma da toka yake shaida taba: wadda ta bar baƙar toka mai warwatsewa yakan ce ba ta nuna ba. Wajen ƙarshe ƙamshin ya yi nauyi, yaji ya shigo, ɗaci ya biyo. A nan ne malamin ya ce a ba shi ya duba yadda wutar ke ci. Ya riƙe karan tsakanin yatsu biyu, yatsun suka gane wurinsu nan da nan, shekara goma sha bakwai kamar jiya. Ya kai shi kusa da leɓe, har ya ji ɗuminsa. Butar shayi ta tafaso ta zuba kan garwashi, ya miƙa wa tsohon abinsa ya juya ga buta.

Sun kusa minti arba'in kafin tsohon ya ajiye guntun a kan dutse ya mutu da kansa. Ya yi shiru yana tanɗar baki, sa'an nan ya yanke hukunci: "Taba ce ta gaske. Amma wa ya sa mata kanwa?"

Ba a sa mata ba, amma tambayar ta masani ce. Sinadarin nikotin ba ya ratsa fatar baki sosai idan akwai tsami. Sai an kashe tsamin yake shiga jini ta nan. Kowace mai tuwo ta san kanwa ke kashe tsami, kuma abin da mai tauna taba ke yi ke nan idan ya haɗa ta da kanwa ko toka. Yawancin ganyen sigarin kwali da zafin wuta ake busar da shi cikin ƴan kwanaki, sukarinsa ya zauna, hayaƙinsa ya yi tsami, dole mai sha ya kai shi huhu kafin ya sami abin da yake nema. Ganyen da iska ta busar, aka kuma sa shi gumi, ya rabu da sukarinsa, hayaƙinsa ya karkata ɓangaren kanwa, saboda haka baki kaɗai ya isa. Makiyayin Tarka da manomin Pinar del Río, ba wanda ya san da wani, ƙofa ɗaya suka gano. Kada kuma mai karatu ya ɗauka ƙofar aminci ce. Kara ɗaya irin wannan na ɗauke da ganyen sigari kusan goma, kuma wanda bai haɗiye hayaƙin ba bai tsira daga ciwon dajin baki da maƙogwaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa fiye da mutum miliyan 7 da taba ke kashewa kowace shekara, ba ta ware mai tsada daga mai araha ba.

Kwanaki da yawa malamin na juya tambaya ɗaya: me ya raba Gulbi da Vuelta Abajo? Ƙasa da ruwan sama sun bambanta, wannan ba gardama, kuma alfaharin banza ne a ce tabar Tsibiri da ta kai habano in da an kula da ita. Amma ba tsufa ne ya raba su ba. Mutanen Kolumbus sun ga ƴan tsibirin Kuba na shan naɗaɗɗen ganye a 1492, kuma kafin 1607 taba ta riga ta cika ƙasashen nan har Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a kanta, ya halatta, wasu malamai suka haramta. Heinrich Barth ya ga gonakinta a ƙasar Katsina a 1851. Shekara ɗari huɗu ta isa mutane su san ganye. Ba kuma nahiya ce ta raba su ba, don ganyen riga na gabashin Kamaru, wajen Baturi, yana cikin waɗanda masu naɗi na Jamhuriyar Dominika ke nema ido rufe. Abin da ya gani shi ne, su can sun raɗa wa kowane ganye suna, sun rubuta, sun kafa doka ta tsare sunan, uba ya miƙa wa ɗa ba tare da ɗan ya ji kunya ba. Har karatu suka shigar cikin sana'ar: tun 1865 ake ɗaukar mai karatu a masana'antun Habana, ya hau kujera mai tsawo yana karanta wa masu naɗi jarida da littattafai, hannuwa na aiki, kunnuwa na sauraro. An ce daga ƙaunar da suke yi wa littafin Dumas ne tabar da aka ƙirƙiro a 1935 ta sami sunanta. Wannan shi ya fi sosa masa rai. Littafin da ya nisanta shi da rumfar mahaifinsa, shi ne wasu suka shigar cikin tasu rumfar.

Tabar Gulbi ta ja da baya ta hanyoyi da yawa. Sigarin kwali ya shigo, masana'antar Zariya ta buɗe a 1959, alhazan Maraɗi suka yi arziki da fiton sigarin Turai zuwa Nijeriya, saurayi ya daina kallon battar kakansa. Aka gina madatsar Jibiya a kan gulbin, ambaliyar da ke sabunta fadama ta ragu. Masu lambu da yawa suka koma zogale da kayan miya. Malamin ba ya baƙin ciki da wannan ko kaɗan. Zogale yaro ke ci ya yi ƙiba, kuma Hausawa sun daɗe da cewa taba bamban take da garin gero. Abin da ke damunsa shi ne yana iya jero kogunan da ke zuba cikin Luwar ta Faransa ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma sai da ganye ya ƙetaro teku ya tsage a kan littattafansa kafin ya tambayi yayarsa abin da mahaifinsu ya sani.

Akwai kuma abin da ya gani ranar nan a gindin aduwa wanda bai faɗa ba sai da gari ya waye. Lokacin da tsohon ke dariyar tarinsa, baki buɗe, malamin ya hangi farin tabo a cikin kumatunsa na hagu, faɗin ƙwayar wake. Ya san wannan tabo. Ya kwana bai runtsa ba, da safe ya kira likitan, sa'an nan ya tafi ya sami tsohon. Tsohon ya ce shekara biyu ke nan yana nan, ba ya ciwo, abin da ba ya ciwo kuwa ba a kai shi asibiti. Malamin ya ce na mahaifinsa ma bai yi ciwo ba sai da ya makara. Mako guda suna ja, har ya biya masa kuɗin mota da kuɗin fanshonsa, ya raka shi tasha. A Maraɗi aka yanke wurin, aka ce an zo da wuri. Tsohon ya dawo ya bar taba damina guda cur. Da kaka ta yi aka ga battar ta sake fitowa daga aljihu, sai dai yanzu a kumatun dama yake ajiyewa, yana cewa likita na hagu ya hana.

Malamin ya sayi littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ya shiga zuwa wurin yayarsa kowace hantsi. Ya rubuta yadda ake yayyafa irin, wanda ya fi rairayi ƙanƙanta, da yadda ake dashe, da yadda ake karye kan shuka don ƙarfi ya koma ganye, sai ƴan ƙalilan da ake bari su yi fure saboda iri da saboda mata. Ya rubuta gumi, da ɗaurin dami, da yadda Buzu ke taya taba: ba ya tambayar kuɗi sai ya gutsura ya tauna ya yi shiru. Da ya cika shafi talatin ya kai wa ƙungiyar malamai masu tattara tatsuniyoyi da sana'o'in gargajiya a Dakoro. Aka yi gardama mai zafi. Wani matashin malami ya ce ba zai yiwu a tsaya gaban yara ranar 31 ga Mayu a ce guba ce ba, sa'an nan a buga musu littafin yadda ake gyara ta. Ya ce wannan talla ce, ko da an sa mata rigar al'ada. Wani dattijo ya ce ai an rubuta yadda ake ƙera takobi, ba a ce kowa ya sari ɗan uwansa ba. Matashin ya ce takobi ba ya kiran mai shi da asuba. Malamin, wanda ya san wannan kira, bai iya musa masa ba. Ya karɓi littafinsa ya koma gida, ya ƙara shafi uku a ƙarshe, ya rubuta yadda tabon mahaifinsa ya fara, da yadda ya ci kumatu, da watannin da aka yi ana ɗura masa kunu da ludayi. Ya mayar. Aka ce za a duba a zama na gaba.

Kara na ukun ya zauna cikin tukunya har damina. Laima ta yi masa yawa, ya yi fumfuna, wani ƙwaro kuma ya huda shi wuri uku. Malamin ya zare zoben ya sa a tsakiyar littafin rubutun, ya jefa sauran cikin murhu lokacin da ba kowa a tsakar gida, ya tsaya a wurin har ya cinye. Washegari jikar yayarsa ta yi sallama tun kafin a sha kunu, ta ce Kaka ta ce a gyara: ruwan da ake yayyafa wa ganye kafin a tara shi, da asuba ake yayyafawa, ba da maraice ba kamar yadda ta faɗa, kuma ba ruwan rijiya ba ne, na gulbi ne wanda ya kwana. Malamin ya ɗauko alƙalami, ya ce ta maimaita a hankali.